Babi na Shida: Manyan Baƙi a Ƙofar Ikko

Ranar da na fara ganin babban jirgin ruwa ido da ido, ina cikin ƙaramin kwalekwale mai inji ne, mun taso daga Marina za mu Tarkwa Bay. Ni mutumin tudu ne. Babban ruwan da na tashi na sani bai wuce madatsar Tiga ba, sai ko kogin Kaduna idan damina ta yi nisa. Saboda haka da abin ya ɓullo ta bakin mashiga, zuciyata ba ta karɓe shi a matsayin jirgi ba. Gani na yi kamar wata unguwa ce mai dogayen benaye ta tsinke daga gari, ta hau ruwa tana tafiya. Babu ƙara, babu gaggawa. Kwantenoni ja da shuɗi da ruwan toka an jera su hawa bisa hawa, can sama kuma wasu mutum biyu sanye da jar riga sun leƙo, ba su fi girman ƙuda ba a idona. Mai kwalekwalenmu ya rage wuta, ya juya hancinsa ya fuskanci igiyar ruwan da jirgin ya turo, muka yi sama muka yi ƙasa har sau uku. Sai da ruwa ya lafa na lura ba wanda ya ɗaga kai ya kalli jirgin a cikin fasinjojin, in ban da ni.

Daga baya na gane cewa wanda ya firgita ni ɗin matsakaici ne. Irin jiragen da kamfanin Maersk ya sa aka ƙera musamman don tashoshin Afirka ta Yamma tun 2011, waɗanda ake kira WAFMAX, tsawonsu kimanin mita 250 ne, suna ɗaukar kwantena 4,500 mai ƙafa 20. Manyan yayyensu da ke zirga-zirga tsakanin Sin da Turai suna kai mita 400, suna ɗaukar har 24,000. In da za a sauke kayan guda ɗaya a jera kwantenonin baki da baki a kan titi, layin zai yi kusan tazarar Kano zuwa Zariya. Waɗannan ba sa shigowa Apapa. Ruwanta bai kai zurfin da zai ɗauke su ba.

Kafin jirgi ya kai inda na gan shi, ya riga ya yi zaman jira a waje. Wanda ya tsaya a bakin teku da dare zai hango fitilu birjik can nesa, ba sa gaba ba sa baya. Jirage ne suka saki ƙarfen da ke riƙe su a ƙasan ruwa, kowanne yana sauraron rediyo a ce masa wuri ya samu. Wani ya taso daga Shanghai ko Ningbo, ya yi wata guda ko fiye a hanya, ya ratsa Tekun Indiya, ya kewayo ta ƙarshen Afirka ta Kudu, ya biya Kwatano ko Lome. Wani alkama ya ɗauko, wani ɗanyen sukari daga Brazil, wani man fetur, wani kuma motoci. Duk nisan da suka sha, tafiyar da ta fi wuya ita ce 'yan kilomitocin nan na ƙarshe.

Dalili kuwa, babban jirgi ba shi da birki. Idan ya ɗauki gudu da lodi a cikinsa, ko an mayar da inji baya sai ya ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya. Idan kuma aka rage masa gudu ƙwarai, sai ya daina jin linzami, domin abin juya shi yana aiki ne da ƙarfin ruwan da ke gudana a kansa. Ga iska tana dukan bangon kwantenonin nan kamar an kafa mata tabarma, ga ruwan tafkin Legas yana fita da ƙarfi idan teku ta janye. A cikin wannan hali ake so a zura abu mai nauyin dubban tan ta wata siririyar hanya, a kai shi jikin bangon siminti ba tare da ya ƙwarzane ba.

A nan ne tsarin tashar jiragen ruwa yake tuna mini da ayarin kakanninmu masu fataucin goro zuwa Gwanja. Ayari yana da madugu, uban tafiya, wanda alhakin rayuka da dukiya ke wuyansa. Amma akwai jagaba, wanda ke gaba, wanda ya san inda mashigin kogi yake da inda ƙasa ke zurmawa. Kyaftin ɗin jirgi shi ne madugu. Ko da ya shekara talatin yana keta teku, doka ba ta yarda ya shigo Legas da kansa ba, sai an turo masa jagora ɗan gida, ma'aikacin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Nijeriya. Ƙaramin jirgi ne ke kai jagoran har jikin babban, alhali dukansu suna tafiya. Sai a sako masa tsani na igiya mai matakan katako, ya jira igiyar ruwa ta ɗaga ƙaramin jirginsa, ya kama, ya hau bangon ƙarfen nan da hannu da ƙafa, ko da rana ko da dare, ko ana ruwa. Mutane sun rasa rayukansu a kan wannan tsani a tashoshin duniya daban-daban. Idan ya isa ɗakin tuƙi ba ya taɓa komai. Baki kawai yake amfani da shi: a karkata dama kaza, a rage wuta, a tsaya haka. Ƙasa kuma ga ƙananan jiragen ja, gajeru masu ƙarfin tsiya, ɗaya ya ɗaure hanci, ɗaya ya dafa gindi, suna turawa suna ja har baƙo ya kwanta a masaukinsa. Ina ganin a cikin duk ma'aikatan ƙasar nan da wuya a sami wanda dukiya mai yawa ke ratsawa ta hannunsa a sa'a guda kamar wannan mutum, kuma da wuya a sami wanda jama'a ba su san da zamansa ba kamarsa.

Ita kanta mashigar da yake bi da jirgin, ba haka Allah ya halicce ta ba. A da, bakin tafkin Legas toshe yake da tudun yashi a ƙarƙashin ruwa, mai sauya wuri daga wannan shekara zuwa waccan. Manyan jiragen Turawa ba sa iya haye shi. Sai su tsaya a waje, ko su wuce Forcados, a riƙa kwasar kaya da fasinja da ƙananan jirage. Tun daga 1907 gwamnatin mulkin mallaka ta shiga aikin gina dogayen katangu na dutse da suka miƙe cikin teku, ɗaya gabas ɗaya yamma, don su matse ruwa ya riƙa share yashin da kansa. Duwatsun daga Aro kusa da Abekuta aka riƙa ɗauko su a jirgin ƙasa. Ranar 1 ga Fabrairun 1914, wata guda cif bayan haɗe Kudu da Arewa, jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shigo har ciki. Aikin bai tafi a banza ba, amma ya bar tabo: katangun sun tare yashin da teku ke kawowa daga yamma, shi ya sa gaɓar Bar Beach ta yi shekara da shekaru teku tana cin ta.

Me ya sa Turawa suka ɗauki wannan wahala? Amsar tana Kano. Layin dogo ya isa can a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Masu mulki auduga suka sa rai za ta cika taragu, sai manoman ƙasar Kano suka yi lissafinsu suka ga gyaɗa ta fi riba, ga shi ana iya ci idan shekara ta ɓaci. Attajirai irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya riga ya san amfanin jirgin ruwa tun yana safarar goro daga Gwalkwas zuwa Ikko, suka shiga saye. Aka fara gina matsayar manyan jirage a Apapa a 1921, aka gama kashin farko a 1926, dogo ya shiga har bakin ruwa. Wato tashar Apapa da tashar jirgin ƙasa ta Kano wa da ƙani ne, kuma buhun gyaɗa da ƙunshin fata da kirgi suna cikin abin da ya raine su. Dalar gyaɗa da muke alfahari da hotonta ma, in an bi ta a hankali, alamar jira ce. Amfanin gona ne ya fi ƙarfin taragun da za su kwashe shi zuwa teku, dole aka tara shi aka lulluɓe har layi ya zo kansa.

A wancan zamani jirgi yakan yi mako ko fiye a tasha, domin buhu-buhu ake loda shi, a kan wuyan 'yan dako. Abin da ya sauya wannan duka akwati ne na ƙarfe. Wani Ba'amurke mai motocin haya, Malcom McLean, ya gaji da ganin direbobinsa suna kashe yini a bakin tasha, sai ya ce me zai hana a ɗauki bayan motar gaba ɗaya a aza a jirgi? A watan Afrilun 1956 jirginsa Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston da akwati 58. Da duniya ta daidaita a kan awo ɗaya, sai ya zama akwatin da aka rufe a Guangzhou zai hau jirgi, ya hau tirela, ya hau tarago, ba a buɗe shi ba sai a gaban jami'in kwastam. Yau fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan da ƙasashe ke sayar wa juna ta ruwa yake bi. Atamfa da shadda da ke Kantin Kwari, babur ɗin ɗan acaba, injin ban ruwa na mai lambu a Kura, farantin sola da ke kan rufin asibitin ƙauye, da wuya ka ɗaga ɗaya ba ka tarar ya taɓa kwana a cikin irin wannan akwati ba.

Ba kwantena kaɗai ke shigowa ba. A Apapa akwai matsayar da jiragen alkama ke tsayawa, a zura musu bututu ya tsotse ta kai tsaye zuwa rumbunan kamfanin fulawa, wadda gobe za ta zama burodin mai shayi a Gusau. Akwai ta ɗanyen sukari, kusa da matatar Ɗangote. A tsibirin Tin Can kuma jiragen motoci ke buɗe bayansu kamar ƙofar gareji, a riƙa turo motocin da muke kira 'yan Kwatano ko tokumbo ɗaya bayan ɗaya.

Duk waɗannan jirage abu ɗaya suka haɗu a kai, ba sa son tsayuwa. Jirgi yana cin kuɗi ko yana tafiya ko yana tsaye: albashin ma'aikata, inshora, mai, da bashin bankin da aka saye shi da shi. Idan tasha ta riƙe shi fiye da kwanakin da aka yi yarjejeniya, akwai tarar jinkiri da ake lissafawa kullum, da dala. Haka ma kwantena idan ta wuce kwanakin da aka ba ta kyauta. Mai jirgi ba ya haɗiye wannan asara. Yana ɗora ta a kan mai shigo da kaya, shi kuma ya ɗora wa babban dila, dila ya ɗora wa mai shago a kasuwar Singa, har ta sauka a tafin hannun matar da ta zo sayen taliya ƙulli biyu. Ita ba ta taɓa ganin teku ba, amma ita ke biyan kuɗin kwanan jirgi a bakin Ikko. Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba ɗan Arewa ya ɗauki maganar tashar jiragen ruwa a matsayin matsalar mutanen Legas. Mu da ke nesa mu muka fi jin ta a jika, domin bayan kuɗin jira akwai kuma kilomita kusan 1,000 na hanya a gabanmu.

Nijeriya ta taɓa ganin iyakar abin da jira ke iya yi. A 1975, lokacin da kuɗin mai suka yi ambaliya, hukumomin gwamnatin Janar Gowon suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20 a kawo cikin shekara guda, tan miliyan 16 daga ciki na Ma'aikatar Tsaro ne. Tashar Legas ba ta da ƙarfin sauke ko kusa da haka. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wasu suka yi watanni, kowanne yana lissafa tararsa. Wasu masu wayo suka nemo tsofaffin jiragen da suka kusa mutuwa, suka zuba musu siminti suka turo, don sun gane kuɗin jira ya fi kuɗin kayan. Danshin teku ya shiga cikin wasu, simintin ya daskare ya zama dutse a cikin jirgi. Magani da abinci da kayan masana'antu duk suka maƙale a bayan wannan layi. Gwamnatin Murtala da ta karɓi mulki a watan Yulin shekarar ta soke kwangiloli, aka yi ta shari'a da Nijeriya a kotunan Ingila da Amurka da Jamus shekaru da dama. Daga cikin wannan wuta aka fitar da tashar Tin Can, wadda aka gina cikin gaggawa aka buɗe a watan Oktoban 1977.

Bayan shekara arba'in sai layin ya dawo, amma a kan tudu. A 2006 gwamnati ta ba kamfanoni masu zaman kansu hayar matsayun jirage, sauke kaya ya ƙara sauri, sai dai hanyar fitar da su ba ta ƙaru ba. Dogon da ya haifi Apapa ya riga ya kwanta, kusan komai ya koma kan tirela, ga kuma rumbunan man fetur da aka cika unguwar da su, kowanne da tankokinsa. Daga wajejen 2017 zuwa 2020 tireloli suka mamaye gadoji tun daga Ijora har abin ya taɓo titin Ikorodu. A lokacin an sha ba da rahoton cewa kuɗin fitar da kwantena daga tasha zuwa wata unguwa a cikin Legas yana gogayya da kuɗin kawo ta daga Sin.

Wanda ya bi ta kan gadojin nan a waɗannan shekaru ya san yaren da ya fi ji a wurin. Da yawan direbobin da yaran motarsu 'yan Arewa ne. Mutum ya yi mako biyu, wani uku, a kan gada, yana matsawa taku kaɗan a yini. A ƙarƙashin mota yake shimfiɗa tabarma, a nan yake salla, da ruwan leda yake alwala, babu makewayi, babu wurin wanka. Ba ya iya barin motar don kada layi ya motsa ko a kwance masa batir. Ga shingaye a hanya, kowanne da hannun da ke miƙe. Idan aka tashi maganar cunkoson Apapa a jarida, su ake nunawa a matsayin masu laifi, alhali su ne suka fi kowa shan azabarsa, kuma ba su suka hana jirgin ƙasa aiki ba. A watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshi ta kawo tsarin kiran mota ta intanet mai suna Eto, kalmar Yarbanci mai nufin tsari, wanda ya ce kada mota ta taso daga garejinta sai an kira ta. An sami sauƙi na gaske, musamman da aka sake gina hanyoyin da kankare, ko da yake direbobi ba su daina kukan masu karɓar na goro ba.

Babban sauyi na baya-bayan nan yana gabas da birnin. A watan Janairun 2023 aka buɗe tashar Lekki, wadda aka kashe wa kimanin dala biliyan 1.5, aka haƙa ta zurfin mita 16.5, alhali Apapa tana wajejen 13. Mita uku da rabin nan ba ƙaramin abu ba ne. Su suka sa a farkon 2024 jirgin CMA CGM Scandola, mai tsawon mita 366, ya iya shigowa ya kwanta. Amma Lekki ta buɗe ba tare da layin dogo ba, duk abin da aka sauke sai ya hau tirela ko kwalekwalen dako. A can Arewa kuma an buɗe tashoshin tudu, ta Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, da nufin ɗan kasuwa ya karɓi kwantenarsa ya biya kwastam a gida. Tunani ne mai kyau, kuma ina fatan ya ɗore. Sai dai tashar tudu ba ta da rai sai da jirgin ƙasa mai zuwa a kan lokaci, sabon layin da ya taso daga Apapa kuwa a 2021 Ibadan ya tsaya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi mu sanin zafin wannan, domin ƙasarsu ba ta da teku sam. Da aka rufe iyakar Binin bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kayansu suka taru a Kwatano, farashin shinkafa da magani ya tashi a kasuwanninsu cikin 'yan makonni.

Su kuwa mutanen da ke cikin jirgin, ba su cika wuce ashirin da 'yan kai ba, galibi 'yan Filifin da Indiya da gabashin Turai. Sukan yi wata shida zuwa tara ba su ga iyalinsu ba, kuma da yawa sukan zo Legas su tafi ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa ba. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su, ko da yake abin ya ragu sosai daga baya. Tutar da ke bayan jirgin kuma yawanci ta Panama ce ko Laberiya ko tsibiran Marshall, inda rajista ke da sauƙi. Tutarmu ba ta cikinsu. Mun taɓa samun kamfanin jiragen ruwa na ƙasa, wanda aka kafa a 1959, har da jirage masu suna Dan Fodio da El Kanemi da Oduduwa da King Jaja. An rushe shi a 1995, bashi ya cinye shi. Duk lokacin da na tuna cewa sunan Shehu ya taɓa shiga Liverpool a rubuce a goshin jirgi, sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji.

Da yamma, a hanyarmu ta dawowa daga Tarkwa Bay, mun ci karo da wani jirgin yana fita. Kwantenoni ne a kansa har sama kamar na safe, amma tafiyarsa daban. Kowane jirgi ana shafa wa ƙasansa jan fenti mai hana tsiro da ƙwarin ruwa mannewa, kuma idan ya yi lodi sosai jan yakan nutse, da kyar a gan shi. Na safe jansa a ɓoye yake. Wannan kuwa jan ya fito fili, ya fi tsayin mutum, har ana hango saman farfelarsa tana dukan ruwa. A cikin akwatunan akwai masu riɗi daga Jigawa da Nasarawa, akwai zoɓo da za a kai Meziko, akwai citta daga kudancin Kaduna, da ƙaro, da koko da kashu daga Kudu. Sauran, waɗanda suka fi yawa, iska ce kawai a cikinsu, za a mayar da su Sin a sake cikowa. Da jirgin ya wuce ƙarshen katangar dutse, sai na hango ƙaramin jirgi ya manne a jikinsa, wani mutum yana saukowa ta tsanin igiya a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Yana dira, ƙaramin jirgin ya juya ya nufi fitilun da suka fara kunnuwa can waje, inda wani baƙon ke jiransa.